Shekarar da Na Rufe Sikelina Ana Tsakiyar Kaka

Na san abin da ake gaya muku a gidan kawunku Alhaji Sahabi, domin Bagudo ba ta da faɗin da magana za ta ɓace a cikinta. Ana cewa uwarku ta rufe sikeli uku ana tsakiyar kakar shinkafa saboda wani rubutu da kwamfuta ta yi, ta kori arziki da hannunta, ta ɓata zumunci a kan abin da bai cika mudu ba. Rabin maganar gaskiya ce. Na rufe sikeli, kuma abin bai cika mudu ba. Sauran rabin shi ne nake rubuta muku yanzu da sauran ƙarfina, don kada in mutu ku gaji labarin daga bakin wanda ya ji haushi.

Ban gaji rumbu ba, ban gaji sito ba. Da tukunya ɗaya na fara, ina turara shinkafa a bayan ɗakin uwata, in shanya, in kai inji, ranar kasuwar Illo in ɗora a ka. A gaban tabarmar uwata na koyi awo. Ita ba ta karanta ko bihim ba, amma idan ta ga babban yatsana ya leƙa cikin mudu ina aunawa, da ludayi take buge min hannu a gaban mai saye. Ta koya min cewa ana cika mudu har ya yi tozo, idan an gama kuma mai sayarwa ya ɗebi ɗan abin da ransa ya ba shi ya ƙara wa mai saye. Wannan shi ne gyara, kuma kun san har yau ba a tashi ciniki a ƙasarmu ba tare da shi ba. Daga tukunya ɗaya na kai uku, daga nan na daina jiran a kawo min, na fara shiga jirgin ruwa ina bin manoman Kaoje har gona ina sayen shanshera, shinkafar da ba a sussuke ɓawonta ba. Fulanin Lafagu da ke noma suna kiwo su ma suka san ni. Sai da sito ya tsaya da ƙafarsa Yaya Sahabi ya sayar da motarsa ya shigo muka haɗa hannu. Ba zan rage masa haƙƙinsa ba. Shi ya san manyan mutane, shi ya iya zama a ofis, shi ya samo mana kamfanin casar shinkafa da ya yarda ya riƙa ɗaukar duk abin da muka tara. Ni manoma ne nawa, shi kamfani ne nasa.

Kamfanin ya ce ba ya sayen buhu da ido, kilo yake so, kuma kowane buhu da takardarsa da inji ya buga. Yaya ya nemo wani mai gyaran sikeli daga tsallaken iyaka, ana ce masa Injiniya Mumuni, Badende ne, wato ɗan ƙabilar Dendi, mai fara'a, Hausarsa kamar tamu. Ya haɗa mana sikeli uku, ɗaya a Bagudo, ɗaya a Kaoje, ɗaya a Illo. Kowanne da ɗan akwati a jikinsa wanda bai fi burodi girma ba. A ɗora buhu, lamba ta fito a allo, takarda ta fito ta ƙasa. Tun ranar farko na lura lambar kullum cikakkiya ce, saba'in da takwas, tamanin da ɗaya, ba rabi ba kwata. Na tambaye shi ina guntayen suke zuwa, ya yi dariya ya ce inji ya san aikinsa. Na ɗauka yana kai abin ga lambar da ta fi kusa, yau manomi ya ci, gobe mu ci. Muka yi kakar noman rani guda da shi. Abin da na gani a wannan kakar shi ne duk motar da muka kai kamfani sai nauyinta ya ɗan haura abin da takardunmu suka ce. Yaya ya ce albarka ce. Ni kuwa na san shanshera bushewa take yi a sito, ba ƙiba ba. Na sani, na yi shiru, domin albarkar ta yi min daɗi. Wannan laifina ne, kuma na fi son ku ji shi daga gare ni.

Da damina ta ja baya, yayarku Saratu ta zo wankan jego da ɗanta na fari. Ita ce na tura Sakkwato ta karanta ilimin kwamfuta lokacin da mutane ke cewa na zuba kuɗi a rijiya. Bayan an yi suna, zaman ɗaki ya ishe ta, sai na ce ga aiki. Takardar sikelinmu da Faransanci take fitowa, manoma ba sa karantawa, ni ma ba na karantawa, ta mayar mana da ita Hausa. Ta kira Mumuni, ya turo mata rubutun manhajar da ke cikin akwatin ba tare da gardama ba. Wata safiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, tana zaune bakin ƙofa da kwamfuta a cinya, jariri na barci a gefenta, sai na ga ta daina dannawa ta ƙura wa allon ido. Na ce ko wuta ce ta ƙare. Ta ce a'a, tafinta ne yake ƙorafi.

Ta yi min bayani yadda zan gane, kuma zan maimaita muku yadda na gane. Injin da ke cikin akwati ba ya jin rubutun da mutum ya yi. Akwai wata manhaja a tsakani, su suna ce mata kampaila, ita ce ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ji. Wanda ya yi ciniki a Illo ya san tafinta, wanda ke tsayawa tsakaninka da mai Faransanci ko mai Dendi. To wannan tafintan, idan ka faɗi abin da ba zai yiwu ba, sai ya ƙi fassarawa. Idan kuwa ka faɗi abin da zai yiwu amma yana ganin akwai ɓarna a ciki, zai fassara, sai dai ya rubuta gargaɗi a gefe. Gargaɗin da ya rubuta a ranar a kan layi ɗaya ne. A cikin manhajar akwai wani sashe da aikinsa kawai ya karanta nauyi. Ba ya miƙo amsar hannu da hannu. Ana tura masa mazubi ne babu komai a ciki, kamar yadda muke aika kwano gidan mai fura, ya zuba amsar a ciki, sauran sassan su zo su ɗauka. Sashen yana karanta nauyi daidai, har da guntayensa. Amma mazubin da Mumuni ya tanada cikakkiyar lamba kaɗai yake ɗauka. Wurin zubawa sai tafinta ya juya lambar da kansa, ba wanda ya ce ya juya, ya datse duk abin da ke bayan ɗigo ya yar. Shi ne yake cewa a kula, a nan wani abu zai zube.

Na ce mata to ai zuwa lambar da ta fi kusa yake yi.

"Inna, ba ya zuwa kusa. Yankewa yake yi. Saba'in da tara da ɗigo tara, saba'in da tara zai rubuta."

"Kullum ƙasa?"

"Kullum ƙasa."

Na ajiye rariya. Na tambaye ta me ya sa Mumuni bai gani ba, ta ce a kwamfutarsa ya rufe bakin gargaɗin gaba ɗaya, masu aikin da yawa suna yin haka don surutun yana damunsu. Ta ƙara da cewa irin wannan wurin ya fi wuyar kamawa, domin mai dubawa yana kallon abin da aka shigar ne, ba ya kallon abin da aka zuba aka fitar. Na ce wannan ba sabon ilimi ba ne. Ɓarawon kasuwa ba a wurin ɗiba yake sata ba, a wurin juyewa cikin buhu yake yi, lokacin da idon mai kaya ya koma kan mudu na gaba.

Ban yarda da maganar baki ba, ko ta 'yar da na haifa. Na sa ta goya ɗanta muka tafi sito da rana tsaka, ta haɗa kwamfutarta da akwatin yadda za mu ga lambar gaskiya da lambar takarda gefe da gefe. Muka ɗora buhu goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rasa ɗan kaɗan, wani rabin kilo, wani saura ƙiris ya cika kilo. Babu ko ɗaya da ya sami ƙari. Na tsaya ina kallon buhunan, kowanne na san gonar da ya fito. Na ce ta duba min nawa aka yanke wa kowa a kakar da ta wuce. Ta ce ba a iya sani, abin da aka datse ba a ajiye shi ko'ina ba, ya tafi.

Washegari na kira Yaya da Mumuni sito. Mumuni bai yi musu ba, kuma na yarda har yau cewa bai yi da niyya ba. Ya dubi layin, ya dafe kai, ya ce gyaransa minti biyu ne. Akwai kalma guda da zai rubuta a gaban lambar, wadda ke gaya wa tafinta cewa mai rubutu ya san za a datse kuma haka yake so. Da an rubuta ta, gargaɗin ya ɓace. Na tambayi Saratu ko guntun kilon zai dawo. Ta ce ba zai dawo ba, tafinta ne kawai zai yi shiru. Na tambayi gyara na gaskiya. Mumuni ya ce sai an canza mazubin ya koma mai ɗaukar giram, kuma duk sashen da ke ɗiba daga cikinsa sai an taɓa shi, allo da takarda da saƙon da ake tura wa kamfani, sannan a bi akwati uku a sake musu ciki a gwada. Ya ce da wuya a gama cikin mako uku, ga shi an fara yanka a Kaoje.

Yaya ya gyara zama a kan buhu, ya yi min magana da irin muryar da yake yi min tun ina yarinya. Ya ce mi ne ne abin tayar da hankali, wane manomi ne ya taɓa sayar da shinkafa bai yi gyara ba. Da ana awo da mudu suna ƙara mana da hannunsu, yanzu inji na ɗauka, duk ɗaya ne, al'ada ce ta shiga akwati. Ya ce a rubuta kalmar Mumuni a wuce wurin, bayan kaka a yi gyaran a natse.

Na ce, "Yaya, gyara mai kaya ke yi, da hannunshi, idonshi buɗe. Wanga ba shi ya ba mu ba."

"Kulu, guntun kilo ne."

"Jiya ba mu sani ba, inji ya yi. In aka rubuta kalmar nan, mun sa hannu cewa mun sani kuma haka muke so. Ni ba a rubuta wannan da sunana."

Ya ce kamfani ba zai jira mu ba, akwai dillalai uku da ke zagayen ƙofarsu kamar angulu. Ya ce jego ya sa Saratu neman abin yi, ni kuma na biye wa yarinya. Saratu ta sunkuyar da kai ta ce wa kawunta ba ita ta faɗa ba, a rubuce yake, kowa na iya karantawa. Ya ce shi ba ya karɓar wa'azi daga kwamfuta. Na ce ni ma ba daga kwamfuta na karɓa ba, daga ludayin uwarmu na karɓa, kuma shi ma ya sha shi. Na tashi na cire wayar akwatin da hannuna, na sa a aika Kaoje da Illo su ma a cire. Sito da sunana yake, ba wanda zai hana ni.

Abin da ya fi ɓata masa rai ba rufewar ba ce, abin da na yi bayanta ne. Ranar kasuwar Kaoje na tsaya a rumfarmu na tara duk wanda ya sayar mana a kakar rani, na gaya musu sikelina ya ci su, kowane buhu wani abu, ban san ko nawa ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na ce duk mai takardarmu ya kawo, kowane buhu zan mayar masa da mudu guda na shanshera, wanda ya ɓatar da takarda ya faɗa da bakinsa na yarda. Na yi haka a Illo, na yi a Lafagu. Kada ku ɗauka an yi min guɗa. Wani ya ce ashe duk Hajiyar nan da ake yabo ɓarauniya ce. Wata mata ta ce da ban faɗa ba da ya fi, yanzu ta daina yarda da kowane sikeli. Akwai waɗanda suka faɗi buhunan da ba su kawo ba, na san su ɗaya bayan ɗaya, na auna musu yadda suka faɗa. A Lafagu akwai wani dattijon Bafulatani, Malam Jodi, wanda ya fi shekara ashirin yana sayar min. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi nasa, bai ce na gode ba, bai ce Allah ya isa ba. Ya ɗora a jaki ya tafi. Shirunsa ya fi zagin sauran yi min ciwo.

Mako uku na Mumuni ya zama biyar. Shi da Saratu suna aiki a zauren gidanmu da safe, ita tana shayarwa tana karanta masa abin da tafinta ya ce, shi yana gunaguni da Dendi. Da aka buɗe bakin gargaɗin gaba ɗaya sai ga wasu sun fito, na sa aka karanta min kowanne da Hausa. Yawancinsu ba su da wata illa, amma ban bar ko ɗaya ba. Daga ƙarshe Saratu ta saita tafintan yadda duk gargaɗin da ya gani zai tsaya cak ya ƙi fassarawa sai an gyara. Mumuni ya ce wannan ai mugunta ce ga mai aiki. Na ce shi tafintan da ya ga ana cutar wani a ciniki ya yi shiru, mene ne sunansa a Illo? Ya yi dariya ya koma kan aikinsa. Kafin mu gama, shinkafar Kaoje ta bi wasu motocin. Kamfani ya ba wani dillali wurinmu. Yaya ya cire hannunsa daga sito, ya koma wajen wancan dillalin, ya yi shekara biyu bai taka gidana ba, ko da aka yi bikin ɗan'uwanku Habibu aike ya yi. Na sallami ma'aikata, na rufe rumfar Illo, na koma sayar wa mata masu turara, inda na fara. A shekarar nan ne kuka ga an sayar da motar gida, kuna ta tambaya ina ce muku ta tsufa. Ba ta tsufa ba.

Ba zan ce muku Allah ya mayar min ninki goma ba, don bai zama haka ba. Har yau sitona bai koma girman da yake ba, kamfanin kuma bai dawo ba. Kawunku ya gina bene. Mun shirya, muna gaisawa, ina son ku riƙa zuwa gaishe shi ranar Juma'a, yayana ne, ya goya ni a bayansa ya tsallake ruwa da ni muna yara. Amma idan ya ce muku kwamfuta ce ta ruɗe ni, ku ce masa kun karanta wannan. Kwamfuta ba ta ce in rufe ba. Ta nuna layi ɗaya ne ta ce a nan abu na zubewa, ta kuma yarda ta yi shiru idan na ce mata na sani. Ni ce na ƙi cewa. Da za a mayar da ni wannan safiyar da rariya a hannuna, abin da zan canza guda ne, da tun ranar da na ga mota ta yi ƙiba na tambaya.

Kaka ta gaba ina zaune a rumfar Bagudo sai ga Malam Jodi da jakuna biyu, buhu huɗu. Ya bi ta gaban rumfar sabon dillalin kamfani ya wuce. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Aka ɗora buhun farko, allo ya nuna saba'in da tara da ɗigo takwas, takarda ta fito da Hausa. Ya sa aka karanta masa, ya sa aka sake karantawa. Ya nuna wurin ɗigon da sandarsa ya ce wannan 'yar wutsiyar fa, tasa ce? Na ce tasa ce, dama can tasa ce. Aka auna sauran ukun, kowanne da wutsiyarsa.

Da aka gama ya kwance wata 'yar jaka daga wuyan jaki, ya zura hannu biyu ya ɗebo shanshera, ya zuba a kan tabarmata. Ya sake ɗebowa ya ƙara.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga.

"Gyara ne, Hajiya. Haka ake yin shi."